Matattun Hasumiyar Clifford ba abin wasan dare ba ne

A tsakiyar birnin York da ke arewacin Ingila akwai wani tudu da aka tara da hannu, a kansa kuma wata tsohuwar hasumiyar dutse da ake kira Hasumiyar Clifford. Da rana wurin 'yan yawon buɗe ido ne, su sayi tikiti, su hau matakala, su kalli gari daga sama. Idan rana ta faɗi sai wata kasuwar ta ci. York gari ne da ya daɗe yana tallata kansa a matsayin matattarar fatalwa, kuma tun shekarun 1970 ake da masu zagayawa da baƙi lungu-lungu da dare, suna ba su labaran ban tsoro ana biyansu. Daga baya aka samu masu farautar fatalwa na sa-kai, waɗanda labarin baka bai ishe su ba. Su kan fito da tocila da kyamara da rakoda da wata 'yar na'ura mai ƙyalli, su tsaya cikin duhu suna kiran wanda suke zaton yana nan, washegari su ɗora bidiyo a YouTube ko TikTok. Labarin da aka fi jan mutane da shi game da wannan hasumiya shi ne wai bangonta yana zubar da jini, wai jan da ake gani a jikin dutsen jinin waɗanda suka mutu a wurin ne a shekarar 1190.

Ina ganin wannan aiki bai dace ba, kuma ya kamata masu kula da wurin su nuna a fili cewa ba su tare da shi. Masu yinsa suna kiransa bincike, alhali babu abin da suke aunawa. Idan aka matsa musu sai su ce ai nishaɗi ne. To nishaɗin da ake yi a inda aka hallaka mata da yara, ana kiran su su fito su buga ƙofa, ba irin wanda ya kamata a kau da kai gare shi ba ne.

Sai an san abin da ya faru a kan wannan tudu za a fahimci dalilina. A ranar 3 ga Satumba 1189 aka naɗa Richard na Ɗaya sarautar Ingila, yana shirin fita yaƙin Salibiyya na uku don ƙwato Ƙudus daga hannun Salahuddin, wanda ya karɓe ta a 1187. Gari ya ɗauki zafi, masu wa'azi suna hura wuta, sai wasu suka ga ba sai sun je Gabas ba, ga waɗanda ba Kiristoci ba a ƙofar gida. A ranar naɗin aka far wa Yahudawan Landan, daga nan tarzomar ta bi garuruwa irin su Lynn da Norwich da Stamford. Wani attajirin Bayahude na York mai suna Benedict yana cikin waɗanda aka raunata a Landan, ya mutu a hanyar komawa gida. A watan Maris 1190 aka fasa gidansa a York da dare, aka kashe matarsa da 'ya'yansa, aka kwashe kaya. Sauran Yahudawan garin, ƙarƙashin jagorancin wani mai suna Josce, suka gudu zuwa sansanin sarki da ke kan tudun, domin a dokar lokacin suna ƙarƙashin kariyar sarki ne kai tsaye.

Daga nan al'amari ya dagule. Mai kula da sansanin ya fita wata hidima, da ya dawo sai waɗanda ke ciki suka ƙi buɗe masa don suna tsoron ya sayar da su. Ya kai ƙara wurin hakimin yankin, aka tara mutane don ƙwato sansanin, gungun 'yan tarzoma suka shigo ciki, abin ya fi ƙarfin wanda ya tara su. Aka kewaye tudun kwanaki, aka kawo kayan fasa ganuwa. A daren Juma'a 16 ga Maris, da suka ga babu mafita, malaminsu Yom Tov, mutumin Joigny ta Faransa, ya ce musu gara su mutu a kan addininsu da hannunsu da su faɗa hannun waɗanda ke waje. Magidanta suka kashe matansu da 'ya'yansu, sannan aka kashe su, wuta kuma ta kama ginin. 'Yan kaɗan da ba su bi wannan hanya ba sun fito da safe bisa alkawarin za a bar su da rai idan suka karɓi Kiristanci, suna fitowa aka kashe su. Kimanin mutum 150 ne suka mutu. Wani malamin coci na zamanin, William na Newburgh, ya rubuta labarin, kuma bai ɓoye ƙyamarsa ga ha'incin da aka yi wa waɗanda suka fito ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi tona asirin masu abin. Da suka gama, jagororin tarzomar suka nufi babbar majami'ar York inda ake ajiye takardun bashi, suka tilasta masu gadi suka ba su, suka cinna musu wuta a cikin majami'ar. Manyan da suka ja gaba, irin su Richard Malebisse, masu filaye ne da Yahudawa ke bi bashi mai nauyi. Ashe a ƙarƙashin ihun addini akwai lissafin aljihu. Wakilin sarki, William Longchamp, ya zo da sojoji bayan 'yan makonni, ya tuɓe hakimi da mai kula da sansani, ya ci mutanen gari tara, ya ƙwace filayen waɗanda suka tsere. Ba a kashe kowa a kan laifin ba, kuma Malebisse ya sake samun filayensa daga baya. Darasin da fada ta ɗauka shi ne na kuɗi: a 1194 aka kafa dokar ajiye kwafin kowace takardar bashi a akwatunan hukuma, don kada sarki ya sake asara idan an kashe mai bin bashi. Shekara ɗari bayan kisan, a 1290, Sarki Edward na Ɗaya ya kori Yahudawa daga Ingila baki ɗaya.

Wannan shi ne labarin wurin, kuma kowane sashe nasa aikin ɗan Adam ne: mai cin bashi da ba ya son biya, mai wa'azin da ya hura wuta, hukumar da ta kasa kare wanda ya fake da ita, taron da ya saɓa alkawari. Babu inda ake buƙatar fatalwa don a ji tsoro.

Batun bango mai zubar da jini kuwa, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ginin da Yahudawan suka fake a ciki na katako ne, irin wanda aka fara kafawa a kan tudun zamanin Sarki William Mai Nasara a 1068, kuma ya ƙone a wannan dare. Hasumiyar dutsen da ake gani yau Sarki Henry na Uku ne ya sa aka fara gina ta a 1245, shekara 55 bayan kisan. Duwatsun da ake cewa sun sha jinin mutanen suna can cikin ƙasa ba a ma fasa su ba lokacin da abin ya faru. Jan da ke jikinsu kuwa an san mafarinsa: a watan Afrilu 1684 gobara ta tashi, ma'ajiyar albarushi ta fashe, cikin hasumiyar ya ƙone, zafin wutar ya sauya launin farin dutsen ya koma ja-ja. Duk wanda ya tsaya ya karanta tarihin ginin na minti goma zai san haka. Amma wanda ya zo da tocila neman abin da zai sa tsikar jikinsa ta tashi ba ya son wannan bayani, domin yana ɓata masa dare. Abin da ya fi damuna da tatsuniyar jinin shi ne yadda take kawar da ido daga Malebisse da takardun bashi, ta mayar da shi kan bango. Mutum ya tafi gida yana tuna dutse mai ban al'ajabi, ya manta wa ya kashe wa, kuma don me.

Kada a ɗauka ina magana ne a matsayin wanda ba ya yarda da gaibu. Na yarda akwai abin da ido ba ya gani, na yarda da aljanu da mala'iku da rayuwar barzahu. Wannan imanin ne ma ya sa nake ganin aikin masu farautar fatalwa a matsayin raini. Alƙur'ani ya ce ruhi yana daga al'amarin Ubangiji, kuma ilimin da aka ba mu kaɗan ne. Sai ga mutum da na'urar da ake saya a intanet yana cewa ya kama ruhi.

Na'urorin nan a san me suke yi. Wadda aka fi gani a bidiyo, mai fitilu daga kore zuwa ja, an ƙera ta ne don auna ƙarfin maganaɗisun da ke fita daga wayoyin lantarki da kayan wuta na gida. Wayar salula da ke aljihun mai riƙe da ita tana iya kunna ta, haka rediyon hannu na abokin tafiyarsa, haka wayar wutar da ke binne a ƙarƙashin titi. Babu wanda ya taɓa nuna cewa ran mamaci yana fitar da irin wannan ƙarfi, don haka ko fitilar ta kama babu abin da ta tabbatar. Akwai kuma abin da suke kira akwatin ruhi, wanda rediyo ne da aka gyara ya riƙa tsallake tashoshi da sauri, yana jefo gutsattsarin magana da kiɗa da shuuu. Kunnen ɗan Adam kuwa gwanin haɗa ma'ana ne daga hayaniya. Idan an rubuta maka a ƙasan bidiyo cewa muryar ta ce "ku fita", za ka ji "ku fita". Rufe rubutun ka ba mutum biyar su saurara, da wuya biyu su kawo kalma ɗaya. A Hasumiyar Clifford akwai ƙarin abin lura: mutanen 1190 da Faransancin zamaninsu suke hira, da Ibrananci suke addu'a, amma a bidiyo fatalwar kullum da Turancin yau take amsawa. Teburin da ke karkata idan an ɗora masa hannu, tun 1853 masanin kimiyya Michael Faraday ya nuna da gwaji cewa hannayen mutanen ne ke turawa ba tare da sun sani ba, kuma haka abin yake ga allon da ake ɗora yatsu a kai yana zagaya haruffa.

Ban ce ƙarya suke yi idan suka ce sun ji sanyi ya ratsa su ko sun ji kamar ana kallonsu ba. Da yawa da gaske suke ji. Tambayar ita ce daga ina jin ya fito. A 1997 wasu masu bincike biyu a Amurka, Rense Lange da James Houran, suka kai mutum 22 wani tsohon gidan wasan kwaikwayo. Rabi aka ce musu wurin yana da fatalwa, rabi aka ce musu gyara kawai ake yi. Waɗanda aka tsoratar su ne suka fi ba da rahoton abubuwan ban mamaki, alhali gini ɗaya suka zaga. Masanin halayyar ɗan Adam Richard Wiseman ya yi irin wannan aiki da ɗaruruwan mutane a fadar Hampton Court a 2000 da kuma ɗakunan ƙarƙashin gadar Edinburgh a 2001, ya ga cewa wuraren da mutane suka fi jin wani abu suna da alaƙa da abubuwa na zahiri kamar yanayin haske da girman ɗaki. Chris French na jami'ar Goldsmiths a Landan ya je har ga gina ɗaki na musamman, yana kunna wa wasu maganaɗisu da sautin da kunne ba ya kamawa, wasu kuma bai kunna musu komai ba. Mutane da dama sun ce sun ji jiri ko sun ji akwai wani a ɗakin, kuma bai danganta da an kunna ko ba a kunna ba. Ya danganta da yadda zuciyar mutum ke saurin karɓar abin da aka shuka mata. Haɗa wannan da duhu da sanyin arewacin Ingila da rashin barci da abokan da kowa ke jiran wani ya ce "kun ji?", sai a ce me?

Yawancin 'yan sa-kan nan daga talabijin suka koyi sana'ar. Shirin Most Haunted da aka fara a Birtaniya a 2002 shi ya yaɗa salon kashe fitila da koren hoton kyamarar dare da ihu. Da aka kai ƙorafi a kansa, hukumar Ofcom mai sa ido kan kafafen watsa labarai ta yanke a 2005 cewa shirin nishaɗi ne, bai kamata a ɗauke shi a matsayin bincike na gaske ba. Wannan hukunci ne ya wanke shirin daga laifin yaudara. Almajiransa kuwa har yau bincike suke kiran abin da suke yi.

Duk wannan da sauƙi, da a ce ɓata lokacinsu kawai suke yi. Inda abin yake ci mini rai shi ne kiran. Tsarin farautar fatalwa ya ginu ne a kan a tsaya a yi wa mamaci magana: akwai wani a nan? Faɗi sunanka. In kana ji na, buga sau biyu. Taɓa wannan fitilar. Wasu har tsokana suke yi da gangan, suna zagi, wai don ruhin ya fusata ya nuna kansa. A ɗora wannan a kan tudun York. Wa ake kira? Uwar da mijinta ya yanka don kada taron waje ya kama ta? Yaron da bai san me ake ciki ba? Idan mai kiran bai yarda suna ji ba, to yaudarar masu kallonsa yake yi. Idan kuwa ya yarda suna ji, to ya yarda ke nan yana tsaye a inda aka kashe su yana umartar su su yi masa wasa don ya samu masu kallo. Ban ga ta inda zai fita ba.

Wani zai iya cewa ai Yahudawa ne, ga kuma abin da ke faruwa a Falasɗinu. Mutanen da suka mutu a 1190 ba su da hannu a siyasar yau, kuma cikin waɗanda suka kashe su akwai masu ɗaura ɗamarar zuwa yaƙar Musulmi a Ƙudus. Ya tabbata a hadisi cewa an wuce da gawa ta gaban Annabi (SAW) sai ya miƙe tsaye, aka ce masa ta Bayahude ce, ya ce ashe ba rai ba ne? Ya kuma tabbata cewa da ya bi ta Hijr, kufan Samudawa, a hanyar Tabuka, ya hana sahabbai shiga gidajen sai dai suna masu kuka, ya rufe kansa ya hanzarta tafiya. Idan kufan mutanen da aka hallaka saboda laifinsu ba wurin shagali ba ne, ina ga wurin da aka zalunci mutane? Mu da muke shiga maƙabarta da sallama, muke hana yaro taka kabari, bai kamata mu zama masu danna wa irin waɗannan bidiyoyi alamar so ba don kawai matattun na wata ƙasa ne.

Masu kare sana'ar suna da hujjoji, kuma ɗaya daga ciki tana da nauyi. Tsofaffin gine-gine suna cin kuɗi. English Heritage, wadda ke kula da Hasumiyar Clifford da wasu wurare sama da 400, ta koma ƙungiyar agaji tun 2015, dole ta nemi abin da za ta riƙe kanta. Gyaran da aka yi wa hasumiyar kafin a sake buɗe ta a Afrilu 2022 ya ci kimanin fam miliyan 5. Masu ƙananan gidajen tarihi da ke hannun iyalai sun fi shiga matsi, kuma akwai waɗanda kuɗin masu kwanan farautar fatalwa ke taimaka musu wajen gyaran rufi. Ban raina wannan ba. Ban kuma ce a hana tatsuniya ba: labarin farar mace da ke yawo a bene, wadda ba a san ko ta taɓa rayuwa ba, ba ya cutar da kowa, kuma kowace al'umma tana da irinsa. Iyakar da nake so a ja ita ce tsakanin wannan da wurin da aka san waɗanda suka mutu, aka san ranar, aka san dalili, kuma akwai masu zuwa yi musu addu'a har yau.

Hujjar cewa fatalwa ce ke jawo matasa su koyi tarihi ba ta gamsar da ni. Wanda ya shigo ta ƙofar bango mai jini ya koyi abin da ba gaskiya ba ne tun a matakin farko, kuma mai ba shi labarin ba shi da riba a gyara masa. Ta'aziyyar da wasu ke nema kuwa, waɗanda suka rasa uwa ko ɗa suke son wata alama cewa mutuwa ba ƙarshe ba ce, ina tausaya musu ƙwarai, shi ya sa nake jin haushin mai karɓar kuɗinsu ya miƙa musu rediyo mai tsalle-tsalle.

Akwai kuma ɓarna ta zahiri. Wurin da ya yi suna da fatalwa yana jawo masu tsallake shinge da dare, masu kunna kyandir a inda katako ya bushe, masu kankare suna a bango. A Nuwamba 2013 wani tsohon gidan gona mai suna LeBeau a jihar Louisiana ta Amurka, ginin shekarun 1850, ya ƙone ƙurmus. 'Yan sanda suka kama mutum bakwai, suka ce sun shiga ne neman fatalwa cikin maye, da ba su ga komai ba sai aka cinna wa gidan wuta. Tudun York kansa tarin ƙasa ne mai shekara sama da 900 wanda ke zaizayewa idan ana hawa ta gefe.

York ta san yadda ake mutunta matattu idan ta so. A farkon shekarun 1980, da za a gina wurin ajiye motoci a unguwar Jewbury, masu tonon tarihi suka tarar da maƙabartar Yahudawan garin ta wancan zamani, suka tono ƙasusuwan mutum kusan 500. Masana suna son su ci gaba da nazari a kansu, amma Babban Malamin Yahudawan Birtaniya na lokacin, Immanuel Jakobovits, ya nemi a mayar da su ƙasa, aka dakatar da aikin, aka sake binne su a 1984. A nan ilimi na gaske ne, mai amfani, aka haƙura da shi saboda alfarmar mamaci. A gindin hasumiyar kuma tun 1978 akwai allon tunawa da waɗanda suka mutu, an shuka furanni masu ruwan ɗorawa a jikin tudun da ke buɗewa a daidai watan Maris, kuma ana taruwa a wurin don tunawa da ranar 16 ga wata.

Abin da nake nema bai kai abin da masu tonon Jewbury suka sadaukar ba. Kada masu kula da wuri irin wannan su taɓa ba da hayarsa don zaman kiran ruhi, ko nawa aka biya, kuma kada su sa shi cikin jerin wuraren ban tsoro da ake tallatawa a ƙarshen Oktoba, lokacin bikin fatalwa na Halloween. Masu zagayawa da baƙi da dare, idan sun iso gindin tudun, su ajiye muryar wasan kwaikwayo su faɗi abin da ya faru da sunaye da shekara, su ambaci takardun bashin da aka ƙona, su gaya wa mutane cewa dutsen na 1245 ne kuma jansa na gobarar 1684 ne. Masu na'urori kuma York cike take da tsofaffin mashaya da ɗakunan ƙasa da masu su ke maraba da su, su nufi can.